Hular ciyawa ta manoman Japan: tana aiki a gona kuwa, ko ado ce kawai?

Wani manomin shinkafa ya aiko da tambaya. Ya ce yana yawan ganin hotunan manoman Japan sun duƙa cikin ruwa suna dashe, kowa da faffaɗar hula mai tsini a ka. Yana so ya san da me ake yinta, ko da gaske tana tare ruwan sama da rana, ko har yanzu ana sa ta a gona, kuma idan mutum ya samu hanyar saye, za ta fi masa malafar da ya saba da ita?

Malam, sannu da aiki, Allah ya ba da damina mai albarka. Hular da ka gani sunanta sugegasa. Tana aiki, aiki kuwa ba na wasa ba, amma an yi ta ne don ƙasar da zafinta ke zuwa tare da ruwa da gumi. Idan ka riƙe wannan, za ka gane inda za ta yi maka rana da inda za ta ba ka kunya.

Mu fara da ciyawar, domin a nan mutane suka fi yin kuskure. Da yawa suna ɗauka karan shinkafa ne, tunda a kan manoman shinkafa suke ganinta. Karan shinkafa yana shan ruwa, ya yi nauyi, ya ruɓe. Ita wannan wata ciyawar fadama ce da Japanawa ke kira kasasuge, masana tsirrai kuma Carex dispalata. Dangin aya ce da jiji, irin ciyayin nan da karansu ke da kusurwa uku. Ganyenta dogo ne, bayansa santsi, cikinsa kuma sakayau mai ƙananan ramukan iska, shi ya sa ba ta da nauyi ko kaɗan. Abin da ya sa aka zaɓe ta shi ne halinta da ruwa. Idan ta jiƙe sai ganyen ya kumbura, kowanne ya matse ɗan'uwansa, ƙofofin da ke tsakani su toshe, ruwa ya riƙa gangarewa ta baki. Idan ta bushe sai ganyen ya ɗan tsuke, iska ta samu hanyar wucewa. Hula ɗaya ke nan, da safe tana ba ka inuwa mai iska, da la'asar hadari ya sauko ta zama rufi, ba tare da an shafa mata komai ba.

Akwai abu na biyu da ke taimaka wa wannan, shi ne yadda aka jera ganyen. Sugegasa ba saƙa ta ake yi ba, ɗinka ta ake yi. Kowane ganye yana kwance ne daga bakin hular zuwa tsininta, a miƙe, gefensa ya hau kan na maƙwabcinsa. Ɗigon ruwa da ya faɗo a sama hanya ɗaya yake samu, ya bi tsawon ganyen ya sauka. A hular da aka saƙa kuwa, duk inda zare ya gitta zare akwai ɗan gurbin da ruwa zai tsaya, ya jiƙa, daga nan ya ratsa. Japanawa suna da hulunan saƙa su ma, na gora da na sassaƙen itace, kuma kowace da wurinta, amma wajen ruwan sama mai naci ta ɗinki ce gaba.

Inda aka fi yinta yau wani gari ne da ake kira Fukuoka a lardin Toyama, gefen tekun da ke yammacin Japan. Kada ka haɗa shi da babban birnin Fukuoka da ke kudu a tsibirin Kyushu. Wannan ƙaramin gari ne, kuma tun 2005 aka haɗe shi da birnin Takaoka. Kusan kashi 90 cikin 100 na sugegasa da ake yi a Japan daga nan take fitowa. Dalili kuwa kogi ne. Kogin Oyabe ya daɗe yana ambaliya yana barin fadamu, suge, wato ciyawar nan ta kasasuge, ta riƙa fitowa da kanta a wuraren, mutane suka fara yanka suna yin hula da rigar ruwa ta ciyawa, wadda suke kira mino. A ƙarni na 17 gidan sarautar Maeda, masu mulkin ƙasar Kaga, suka ga akwai kuɗi a ciki, suka ƙarfafa sana'ar, har hulunan suka bazu a kasuwannin Japan da sunan hular Kaga. Yanayin wurin ma ya taimaka: dusar ƙanƙara tana rufe gonaki watanni, manomi ba shi da abin yi a waje, sai ya zauna a ɗaka shi da iyalinsa suna hula har bazararsu ta shigo.

A matsayinka na manomi, ina ganin noman ciyawar zai fi jan hankalinka, domin yanzu ba daji ake zuwa a yanko ba. Gona ake yi mata, mai ruwa kwance, sau da yawa a kwarin duwatsu inda ruwan sanyi ke tsattsafowa, wurin da shinkafa ba ta cika yin kyau ba. Ana dashe a wajajen ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, bayan an kawar da shinkafa. Ta kwana a ƙarƙashin dusar ƙanƙara duk hunturu. Idan ƙanƙara ta narke ta fara tofo, sai a shiga a rage ta, a cire ƙananan 'ya'yan da suka yi cunkoso, don waɗanda aka bari su yi kauri da tsawo. Wanda ya yi kasala a wannan mataki zai samu ciyawa mai yawa, siriri, wadda mai ɗinki ba za ta karɓa ba. Zuwa ƙarshen Yuli ta kai ƙirjin mutum ko ta wuce, sai yanka.

Lokacin yankan nan shi ne mafi wuya a duk sana'ar. Ana jira damina ta ɗauke, wato ruwan Yuni da Yuli da suke kira tsuyu, a shiga kwanakin da rana ta fi zafi a shekara, saboda ranar ake bukata. Da lauje ake yi, a duƙe, ƙafa cikin laka. Gefen ganyen yana da kaifi, yana yanka fata, don haka dole mai yanka ya rufe hannu da wuya duk da zafin. Idan an yanko sai a ɗaure dami ƙanana, a baza kowanne a fili a buɗe shi, a riƙa juyawa, kamar mako guda. Rana ce ke cinye koren, ganyen ya koma fari mai ɗan ruwan ƙwai. Idan ruwa ya dake shi yana shanya, ya yi dabbare-dabbare, darajarsa ta faɗi. Shi ya sa a makon nan idon kowa yana sama, da an ga hadari sai a ruga kwasa.

Daga nan aiki ya rabu biyu, kuma tun da can haka yake: maza su yi ƙashin hular, mata su yi ɗinki, dillalai kuma su haɗa tsakani, su kai ƙashi gidan mai ɗinki, su karɓo hula su kai kasuwa. Ƙashin na gora ne. Ana tsaga gorar sirara, a kankare, a gasa tsakiyar kowace a wuta don ta lanƙwasu ba ta karye ba, a gitta su a tsini, a soke ƙarshensu a wani babban zoben gora wanda shi ne bakin hular. Siffar hular gaba ɗaya a hannun mai ƙashi take. Idan ya karkace, babu gwanintar ɗinkin da za ta miƙar da shi.

Ita mai ɗinki tana fara da tsince ganyen. Masu faɗi da kyau su ne na waje, ana ce musu oyasuge. Marasa kyau a tsaga su sirara, da su ake shimfiɗar ciki. Ana jiƙa su duka tukuna, domin busasshen suge karyewa yake. Sai ta ɗauki siraran ta riƙa naɗa su a kan ƙashin, zagaye bayan zagaye, har an samu abin da ganyen waje zai kwanta a kai. Sannan ta ɗaura manyan ganyen a bakin hular ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya ɗan hau kan na baya, har ta zagayo. A wannan lokaci abin ba ya kama da hula. Ganye ne tsaye cirko-cirko kewaye da zobe. Sai ta kwantar da su zuwa tsini, ta ɗauki doguwar allura, wajen santimita 10, da zare wanda galibi rawaya ne, ta fara ɗinki daga baki tana zagayawa tana hawa. Ga inda gwaninta take: hular tana tsukewa yayin da ake hawa, ganyen kuma faɗinsa bai canza ba, don haka dole ta riƙa rage wasu tana cusa wasu ƙarƙashin wasu ba tare da an ga tudu ko rami ba. Allurar tana tafiya a kwance ne, tana ɗaukar ganyen waje da shimfiɗar ciki tare, kuma yatsa ne a ƙarƙashi ke jin inda bakinta ya kai. Idan an isa tsini, ragowar ganyen a kitse shi a rufe ƙofar. Babbar hula mai ɗinki kusa da kusa tana cin yini, wata ma fiye. Babu injin da ke wannan aiki.

Siffofin suna da yawa, amma biyu ne naka. Tsunogasa ita ce mai tsini sosai, wadda ka gani a hoto, kuma ita ce ta noma: gangarenta yana zubar da ruwa da sauri. Fujigasa samanta ba shi da tsini sosai, an yi ta da siffar dutsen Fuji, ita ma ta gona ce. Faɗinsu yakan kama daga santimita 40 zuwa 50, gwargwadon abin da zai rufe kafaɗa. Sauran na tafiya ne da na biki. Akwai sandogasa mai zurfi da ke rufe rabin fuska, wadda ta samo suna daga 'yan aiken da ke kai wasiƙu tsakanin Edo (Tokyo ta yau) da Osaka sau uku a wata a zamanin Edo, wato 1603 zuwa 1868. Akwai ichimegasa ta matan da, da ichimonjigasa shimfiɗaɗɗiya ta rawa da jerin gwano. Idan mai sayarwa ya miƙo maka sandogasa don gona, ka ce ka gode. Idan ka duƙa za ta tare maka gani, kuma zafi take tarawa.

Wani ɓangare da hoto ba ya nunawa, kuma a ganina shi ne rabin amfanin hular, yana ciki. Sugegasa ba ta zama a kan mutum kai tsaye. Ana ɗaura mata wani ɗan gammo a ciki, ana ce masa gotoku, zobe ne mai ƙafafu da ake yi da siririn itace mai lanƙwasuwa, na zamani kuma da roba. Shi ne ke zama a ka, hular tana sama da shi. Tsakanin gashinka da ciyawar akwai sarari, iska tana shiga ta ƙarƙashin baki, ta zagaya, ta fita. Zafin da rana ta zuba wa hular bai taɓa fatar kai ba, gumi kuma bai taɓa ciyawar ba, wanda hakan ke ƙara mata kwana. Mutum ya sa sugegasa babu gotoku, ya ce bai ga abin da ake yabo ba, gaskiyarsa ne, rabin hula ya sa.

Ko har yanzu ana sa ta a gona? Ana sawa, amma kaɗan. Manomin Japan na yau a kan injin dashe yake, da hular kanti da rigar ruwa ta leda. A lokacin da sana'ar ke ganiyarta, a ƙarni na 19, yankin Fukuoka yana fitar da hula miliyoyi a shekara. Yau lissafin ya dawo dubbai, kuma yawancin masu ɗinkin tsofaffi ne. Hotunan da kake gani na mutane a jere cikin ruwa kowa da hula, da yawansu na bukukuwan dashe ne ko na yara 'yan makaranta da aka kai su koyi yadda kakanni suka yi. Duk da haka akwai waɗanda ba su sake ta ba: tsofaffin manoma masu ciyawa da hannu, masu kamun kifi a kogi da ke tsayuwa cikin ruwa yini guda, masu tuƙa kwalekwalen 'yan yawon buɗe ido, masu aikin lambu. Waɗannan don amfani suke sawa, ba don hoto ba.

Gwamnatin Japan ta sa hannu. A 2009 ta sanya fasahar yin sugegasa ta Fukuoka cikin muhimman al'adun gargajiya da ƙasa ke karewa, a 2017 kuma ma'aikatar tattalin arziki da masana'antu ta amince da ita a jerin sana'o'in hannu na gargajiya. Akwai ƙungiyar da ke koyar da sababbin hannu, ana rina ciyawar launi-launi, ana yin huluna masu siffar zamani don matasa su saya. Ni dai abin da na fi ji wa tsoro gonar ce, fiye da allurar. Ɗinki ana iya koya wa mutum a aji cikin sanyin fanka. Samun wanda zai shiga laka a ƙarshen Yuli ya yanki ciyawa mai kaifi, a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba, shi ne wuyar.

Abin da ke riƙe da kasuwar yanzu, ban da manoma, ibada ce da biki. A tsibirin Shikoku masu ziyarar wuraren bauta 88 na addinin Buddha, tafiyar da ta kai kimanin kilomita 1,200 ga mai yinta a ƙasa, suna sa farar riga da irin wannan hula, an rubuta mata kalmomi da tawada. A birnin Yamagata ana bikin Hanagasa daga 5 zuwa 7 ga Agusta kowace shekara, dubban masu rawa riƙe da hulunan suge da aka yi wa ado da jajayen furanni. A unguwar Fukae ta Osaka kuma, wadda ta yi suna da wannan sana'a tun zamanin da, har yanzu ana yin manyan hulunan da ake kai wa wurin bautar addinin Shinto da ke garin Ise duk shekara 20 idan an sabunta gininsa. Na baya an yi a 2013.

To, batun saye. Yawancin abin da za ka gani a intanet da sunan hular manoman Japan ba sugegasa ba ce. Wasu na gora ne daga ƙasar Sin, wasu na ganyen kaba ne daga Biyetnam, kuma ba laifi gare su, sai dai ba su ne ka tambaya ba. Juya hular ka dubi cikinta. Ta Biyetnam zobba ne na gora a jere, ƙarami cikin babba, daga tsini har baki. Sugegasa kuwa ƙasusuwanta daga tsini suke saukowa zuwa baki, da siraran ciyawa a naɗe a kansu. A waje, ganyen ya tafi daga sama zuwa ƙasa, layukan ɗinki su zagaye shi kusa da kusa, tsinin kuma a kitse. Yawan kusancin layukan shi ne ma'aunin inganci: ɗinki mai tazara yana nufin an yi sauri, kuma ganyen zai fara tashi bayan damina ɗaya. Ɗaga ta ka kalli rana ta ciki. Ɗan haske siriri ba komai, shi ne hanyar iskar da na faɗa, amma idan ka ga rami har kana hango sama, ajiye ta. Idan ta yi ƙyalli kamar an shafa mata fenti, an toshe mata numfashi ke nan. Ta gaske kuɗinta dubban yen ne, wato kuɗin Japan, kuma tunda ba ta naɗewa, kwalinta babba ne, kuɗin jirgi zai iya fin kuɗin hular. Ka tambaya ko da gotoku da igiya a ciki, domin sau da yawa daban ake sayar da su.

Yanzu ga malafarka. A cikin damina, kana dashe ko cire ciyawa a fadama, ana yayyafi ana ɗaukewa, sugegasa ta fi. Ta fi sauƙi a ka, ta fi zubar da ruwa, kuma idan ka duƙa tana kare maka ƙeya da kafaɗa. Malafar kaba idan ta sha ruwa nauyi take yi, ta daɗe ba ta bushe ba, fatar da aka yi mata ado da ita kuma ta ƙandare. Amma da zarar iskar hunturu ta kaɗa, labari ya canza. Suge tana son ɗan laima a iska. A Toyama ko da rani iskar a jiƙe take. A busasshen yanayi irin na Janairu zuwa Afrilu a Kano ko Damagaram, ganyen zai bushe ƙayau, ya yi gautsi, bakin hular ya fara karyewa da ɗan bugu. Malafa kuwa a wannan yanayin aka haife ta. Za ka jefa ta a amalanke, ka zauna a kanta bisa kuskure, ka miƙar da ita da hannu ka ci gaba. Sugegasa ba ta yafe irin wannan. Ƙashin gora ɗaya ya karye, siffar ta tafi, kuma babu mai gyara a kusa da kai. Ga kuma iska: faɗinta da rashin nauyinta suna sa guguwar farkon damina ta ɗauke ta ko ta ja maka wuya. A kan babur kuwa kada ma ka gwada.

Saboda haka idan don noman rani ne ko kiwo, riƙe malafarka, kuɗin ka sa a taki. Idan kana yawan aiki cikin ruwan sama kuma akwai wanda zai taho maka da ita a hannu daga Japan, ta cancanci saye. Abin da na fi so ka ɗauka daga wurinsu, ko ba ka sayi komai ba, shi ne gammon nan na ciki. Ka kai malafarka wurin mai saƙa, ka ce ya yi maka zobe daidai kanka da kaba ko tsagin gora, mai ƙafafu huɗu tsawon yatsa biyu ko uku, ya ɗaure shi a ciki yadda malafar za ta ɗaga daga kai. Zai fi kyau a malafar da ta ɗan fi kanka girma.

Idan kuma ka samu ta Japan ɗin, kulawarta ba ta da yawa. Bayan ta jiƙe ka kakkaɓe ta, ka rataye a inuwa inda iska ke wucewa; kada ka kifa ta a ƙasa da laima, kada ka sa ta a leda, fumfuna za ta kama ta cikin kwanaki. Ƙura a goge da tsumma mai ɗan danshi, ana bin tsawon ganyen daga sama zuwa ƙasa. Da hunturu ka ɗan yayyafa mata ruwa jefi-jefi, ka ajiye ta nesa da murhu da kwanon rufi, kuma kada a ɗora mata komai. Launinta zai riƙa sauyawa daga fari zuwa ruwan zuma, wannan tsufa ne, ba lalacewa ba. Igiyar kuma kada ka yi mata ɗauri ɗaya a ƙarƙashin haɓa, zamewa za ta riƙa yi duk lokacin da ka sunkuya. Ka saukar da igiya biyu kowane gefe, ɗaya ta gaban kunne ɗaya ta bayansa, su haɗu a ƙasan kunnen, sannan ka ɗaure a haɓa.